Daga Ina Ka Samo? Madogara da Rubutun Ilimi a Kan Damargu

Ƙidayar jama'ar da aka yi a Nijar a 2012 ta samu mutum 429,150 a gundumar Tanut, da 96,452 a gundumar Belbeji. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu a kan noman hatsi ko kiwo ko rijiyoyin Damargu, da irin waɗannan alƙaluma yake buɗe babinsa na farko, kuma yakan jera su kusa da na ƙidayar 2001 don ya nuna yadda jama'a ke ƙaruwa. To, a nan tarkon yake. A 2001 babu gundumar Belbeji. Ƙasar Tarka gaba ɗayanta tana cikin Tanut, sai a 2011 aka yanke ta ta zama gundumar Belbeji mai zaman kanta. Tanut ɗin 2001 da Tanut ɗin 2012 sun yi tarayya a suna, amma faɗin ƙasarsu ya bambanta. Duk wanda ya gwama lambobin biyu kai tsaye ya zubar da mutum kusan dubu ɗari a hanya, kuma saurin ƙaruwar da zai lissafo zai gaza na gaskiya nesa ba kusa ba. Kuskure ne da kowa zai iya yi. Abin da ke raba ƙaramin kuskure da babba shi ne ko marubucin ya faɗi inda ya samo kowace lamba. In ya rubuta cewa wannan daga rahoton cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, na shekara kaza, shafi kaza, mai karatu zai koma ya duba ya gano ɓarakar nan take. In bai rubuta ba, na bayansa zai kwafa, na bayan wancan ma ya kwafa, har lambar ta shiga takardar da za a yi lissafin buhunan abinci ko yawan azuzuwa da ita, ba tare da wani ya san ƙofar da ta shigo ba.

A jami'o'i an fi koya wa ɗalibai ambaton madogara a matsayin garkuwa daga zargin satar fasaha: ka faɗi mai magana don kada a ce ka sace. Gaskiya ne, amma wannan shi ne ƙaramin amfaninsa. Babban aikin madogara shi ne ta bai wa mai karatu hanyar komawa baya, ya je inda marubuci ya je, ya ga abin da ya gani, ya yanke hukunci da kansa. A kasuwar dabbobi, mai hankali ba ya sayen raƙumi daga hannun baƙo sai dillalin da aka sani ya tsaya ya shaida inda dabbar ta fito, don in magana ta taso gobe a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka bayanin da ke cikin littafi yake buƙatar wanda zai tsaya masa. Ra'ayina shi ne, wannan buƙata ta fi tsanani a wuri irin Damargu fiye da biranen da ɗakunan karatunsu suka cika maƙil, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka akasin haka ne.

Dalili shi ne ƙarancin rubutu. Wanda ya yi kuskure a kan tarihin Kano, akwai littattafai da kundaye masu ɗimbin yawa da za su ƙaryata shi. Waɗanda suka yi rubutu mai zurfi a kan Damargu kuwa ba su da yawa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya ratso ƙasar a watan Janairun 1851 tare da ayarin Abzinawan Kel Ewey, kuma a Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Ya bayyana wa Turai Damargu a matsayin rumbun da Azbin ke ci daga gare shi, a littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya ratsa a 1899 kan hanyarsa ta zuwa Damagaram. Bayan su sai rahotannin kumandojin mulkin mallaka da ke ajiye a taskar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, sai aikin André Salifou a kan sarautar Damagaram a 1971, da na Yehoshua Rash a kan shekarun farko na Faransawa a Damargu, da littafin Stephen Baier na 1980 a kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Saboda haka, in ka ga kundaye goma sun faɗi magana ɗaya a kan yankin, kada ka yi saurin cewa shaidu goma sun haɗu. Mai yiwuwa shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma. Kuma sanin wannan shaida ɗayar shi ke gaya maka nauyin da za ka ba maganar. Barth mutum ne mai lura ƙwarai, amma baƙon ayari ne da ya wuce cikin 'yan kwanaki. Kumanda kuma yana rubutu ne da haraji da tsaro a ransa, ta bakin tafinta. Ba a cewa a zubar da abin da suka rubuta, domin ba mu da madadinsa. Abin da ake nema shi ne mai karatu ya san da muryar wa ake yi masa magana, kuma madogara ce kaɗai ke sanar da shi.

Yin abin daidai ba shi da wuyar da ake zato. Ana buƙatar sunan marubuci, sunan aikin, inda aka buga da shekara, sannan lambar shafi, wadda ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi alhali ita ce ke kai mutum wurin. Ka ce Barth ya faɗa, ba juzu'i ba shafi, ka tura mai karatu ya yi lalube cikin dubban shafuka, kuma bugun Jamusanci da na Ingilishi shafukansu ba su zo ɗaya ba. In kalmomin mutum ka ɗauko yadda suke, sai ka sa su cikin alamar zance. In da bakinka ka sake faɗin ra'ayinsa, alamar zance ta faɗi amma sunansa yana nan daram, domin sauya kalmomi ba ya mayar da tunanin wani naka. In ka fassara daga Faransanci ko Larabci ko Tamashek zuwa wani harshe, ka ce fassararka ce, don a san wanda za a tuhuma in ma'ana ta karkace. Dokoki ma haka. A ƙasar da manomi da makiyayi ke gwamutse kamar kwarin Tarka, kowa na cewa doka ta ce, amma wace doka? Akwai mai lamba 61-05 ta 26 ga Mayun 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa. Akwai mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993 da ta kafa ginshiƙin dokar karkara. Akwai kuma mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayun 2010 a kan kiwo. Kowace da zamaninta da abin da ta tanada, kuma mai binciken da ya dunƙule su cikin kalma ɗaya ba tare da lamba da sashe ba ya miƙa wa masu husuma makami maimakon haske. Batun ko shekara za ta zo cikin baka a tsakiyar jimla ko a ƙasan shafi, wato bambancin tsarin APA da na Chicago da sauransu, wannan ƙa'idar gida ce. Kowace tsangaya ta zaɓi ɗaya, ɗalibi ya bi shi daga farko har ƙarshe.

Akwai masu cewa duk wannan al'adar Turawa ce da boko ya ɗora mana. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya san ba haka ba ne. Ilimin hadisi gaba ɗayansa a kan isnadi aka gina shi, wane ya ji daga wane, har aka kafa fanni sukutum na tantance maruwaita, a san mai gaskiya da mai mantuwa da wanda bai ma riski wanda yake ikirarin ya ji daga gare shi ba. A ƙasar Hausa, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh a 1812, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu. Shehu Usmanu da kansa, wanda ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya rubuta salsalar da ilimi ya iso gare shi ta cikinta, kuma littattafansa cike suke da sunayen malaman da yake kafa hujja da su. Abin da zamanin ɗab'i ya ƙara shi ne shekarar bugu da lambar shafi, manufar dai ita ce ta da. Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka bar wannan ɗabi'a. Tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908 taska ce babba, ta taso daga Bagauda har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, amma marubucinta bai sa sunansa ba, bai kuma faɗi daga bakin wa ko daga wace takarda ya samo kowane labari ba. Masana sun shafe shekaru suna muhawara a kan wanda ya rubuta ta da lokacin da aka rubuta ta. Murray Last ya yi nazari a kai a 1980, John Hunwick kuma a 1994 ya karkata ga cewa Ɗan Rimin Kano Malam Barka ne. Layi kaɗan daga alƙalamin marubucin da sun hutar da su, da kuma mun san waɗanne sassa za mu dogara da su da ƙarfi.

Hujja ta biyu ta masu suka ta fi ta farko nauyi, kuma ta fi shafar Belbeji. Mafi yawan abin da aka sani game da kafuwar garuruwa, da wanda ya haƙa wace rijiya, da burtalin da dabbobi ke bi tun kaka da kakanni, ba ya cikin kowane littafi. Yana bakin tsofaffi, Hausawa da Abzinawa da Fulani da Barebari. Sai a ce, dattijo ba shi da shafi, kuma labarin gari na kowa ne, wa za a ambata? Da wannan tunani ɗalibi yakan cika jerin manazartarsa da sunayen Turawan da bai karanta sosai ba, sannan mutanen da suka zauna da shi a kan tabarma suka ba shi ainihin abin da kundin ya ƙunsa ya tattara su cikin jimla ɗaya, wai binciken da muka yi a fili ya nuna. Wannan rashin adalci ne, kuma rauni ne a ilimance. Labarin baka ana ambatonsa tsaf: sunan mai magana, shekarunsa a ƙiyasce, matsayinsa a gari, wurin da aka yi hirar, ranar, harshen da aka yi ta, da wanda ya yi tafinta in akwai. Kowane ɗaya yana da amfani. Tsohon da ke ba da labarin yunwar 1984 da idonsa ya gani. Wanda ke ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, daga kakanninsa ya ji. Gani ya kori ji, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san wanne ake ba shi. Haka nan labarin kafuwar gari daga gidan sarauta daban yake da yadda zuriyar waɗanda aka tarar a wurin za su faɗe shi. Misalin Dorugu ya isa hujja. Yaro ne Bahaushe daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855. Daga bakinsa J. F. Schön ya rubuta yawancin abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Da yake Schön ya ajiye sunansa, Kirk-Greene da Paul Newman sun iya sake fito da tarihin rayuwarsa a 1971 a matsayin nasa, masu nazarin harshe kuma sun san Hausar wane yanki da wane zamani suke karantawa. Da an rubuta wani yaro kawai, da duk wannan ya salwanta.

Dole a yarda cewa akwai inda ambaton suna ke cutarwa. Maganar asalin bauta har yanzu tana da zafi a wannan yanki, haka rikicin gona da na sarauta, kuma mutum zai iya gaya wa mai bincike abin da ba zai so maƙwabcinsa ya karanta da sunansa a kai ba. A irin wannan hali ana neman izininsa tun kafin a fara, in bai yarda ba a sakaya shi: a ce manomi mai kimanin shekara saba'in, a wani ƙauye na ƙasar Tarka, a wata kaza na shekara kaza, a ba hirar lamba, a kuma bayyana cewa da gangan aka ɓoye sunan. Muryar da aka ɗauka a waya da littafin da aka rubuta hirar a ciki suna nan a ajiye, malamin da ke duba aikin zai iya saurara. Hanyar komawa ba ta toshe ba, an dai sa mata ƙofa. Wannan ya sha bamban da an ce ko wai, waɗanda ba su kai mutum ko'ina. Kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tunda a Yamai cibiyar CELHTO take, wadda aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, ga kuma IRSH da ke riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya yi ɗawainiyar tarawa.

Sai kukan rashin littattafai, wanda shi ma gaskiya ne. Ɗalibin da ya fito daga Belbeji ya shiga jami'ar Damagaram, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, ba lalle ne ya taɓa riƙe littafin Baier a hannunsa ba, balle ya je taskar Yamai ya buɗe rahoton kumanda. Abin da yake samu shi ne kundin wani da ya riga shi, wanda ya ambaci Baier. Jarabar a nan ita ce ya kwashe madogarar wancan ya liƙa a nasa kamar shi ya karanta. Yin haka shaidar zur ce, ko da maganar ta zamo daidai, domin ya shaida abin da bai gani ba, kuma in na farkon ya yi kuskuren shafi ko ya juya ma'ana, ya gaji kuskuren ya kuma ɓoye inda ya gado shi. Maganin mai sauƙi ne kuma duk tsare-tsaren rubutu sun amince da shi: ya rubuta cewa Baier ne ya faɗa, kamar yadda wane ya ambato a kundinsa, shafi kaza. Ba abin kunya a ciki. Ban da haka, tsofaffin littattafai irin na Barth da na Foureau yanzu suna intanet kyauta, haka mujallun Faransa da yawa a rumbunan Gallica da Persée, ga wanda ya samu layi mai ƙarfi ya sauke. Kada kuma a ɗauka talauci ne ke haifar da wannan ɗabi'a. A Jamus, inda littafi ba ya wuya, ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa a 2011 bayan jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta saboda kwafe ba ambato, kuma a 2013 ministar ilimi kanta, Annette Schavan, ta bi sahu.

Wasu kan kawo Abubakar Imam, su ce ai Magana Jari Ce ta ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ba ta cika shafi da madogara ba, kuma ba wanda ya raina ta. Amma Imam labari yake bayarwa, bai ce wa kowa ga abin da ya faru a shekara kaza ba. Mai bincike kuwa da'awa yake yi a kan duniyar da muke ciki, wadda za a iya gina hukunci a kanta. Masu tsoron cewa yawan ambato zai binne tunanin ɗalibi su ma su kwantar da hankali. In an shata abin da Salifou ya faɗa da abin da dattijon gari ya faɗa, abin da ya rage a shafin shi ne na marubucin, kuma a lokacin ne ake iya ganinsa har a yaba masa.

Yanzu ga wata sabuwar matsala da ta sa duba madogara ya zama tilas. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙago sunan marubuci da sunan littafi da shekara da shafi, komai ya zauna daidai a ido alhali littafin bai taɓa wanzuwa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago musu. A can an kama su da wuri domin hukunce-hukuncen kotu a rubuce suke, kowa na iya nema. Littafin bogi a kan kwarin Tarka ko kasuwar Tanut zai daɗe bai tonu ba, saboda waɗanda suka san abin da aka rubuta a kan yankin kaɗan ne. Don haka nauyin ya koma kan malamai masu duba kundi da kwamitin da ke zama ranar karewa. Ƙirga yawan sunayen da ke shafin manazarta bai wadatar ba. Ya kamata a zaɓi madogara biyu ko uku, a ce wa ɗalibi ya buɗe shafin a gaban kowa, ko ya kunna hirar da ya ce ya yi. Ya kamata kuma tsangayoyi su riƙa karɓar muryoyin da aka ɗauka tare da kundin, su ajiye da lamba da kwanan wata, domin dattawan da suka ga yunwar 1973 da idonsu suna raguwa kowace shekara, kuma wayar ɗalibi ba wurin ajiya ba ce.